Rufe Masana'antar MFJ: Sana'ar Da Ta Tsufa Tare Da Mai Ita

Ran 25 ga watan Afrilu na 2024 wani dattijo mai suna Martin F. Jue, mutumin jihar Mississippi ta ƙasar Amurka, ya rubuta wa abokan cinikinsa takarda, ya sanar da su cewa daga ran 17 ga Mayu kamfaninsa, MFJ Enterprises, zai daina ƙera kaya a garin Starkville. Ya kawo dalili biyu. Na fari, annobar korona ta yi wa cinikinsa dukan da bai gama farfaɗowa ba. Na biyu, shi kansa ya cika shekara 80 da haihuwa, yana so ya huta tare da iyalinsa. Ya ce za a ci gaba da sayar da kayan da ke ajiye, da gyaran waɗanda aka riga aka saya.

Wani zai ce, ina ruwan mai karatu da wata ƙaramar masana'anta a wani ƙaramin gari? To, sai a yi haƙuri a bi labarin, gama akwai abin lura a cikinsa ga duk wanda ya damu da yadda sana'a take wucewa daga hannun manya zuwa hannun yara.

Su wane ne 'yan sha'awar rediyo?

Yawancinmu abin da muka sani game da rediyo shi ne a murɗa akwati a ji labarun duniya. Amma akwai wata jama'a da ke da izinin yin magana ta iska, ba sauraro kaɗai ba. Mutum zai yi karatu, ya ci jarrabawa, hukumar ƙasarsa ta ba shi lasin da lambar kira. Sa'an nan ya kafa eriya a gidansa, ya yi zance da wani irinsa a wata nahiya ta kan gajeren zango. Ba a biyansu, kuma doka ta hana su neman kuɗi da abin. Kowace ƙasa tana da nata haruffan farko: lambar Nijeriya takan fara da 5N, ta Nijar kuwa da 5U. A Amurka an kafa babbar ƙungiyarsu, ARRL, tun 1914, masu lasin kuwa a can sun haura mutum 700,000.

Kada a ɗauka wasan masu hali ne kawai. Sa'ad da guguwar Katrina ta auka wa Mississippi da Louisiana a ƙarshen watan Agusta na 2005, wayoyin tarho suka tsinke, waɗannan mutane suna cikin waɗanda suka riƙa kai saƙo. Haka aka sāke gani a duwatsun jihar North Carolina a watan Satumba na 2024, bayan guguwar Helene. Watau ran da manyan hanyoyin sadarwa suka mutu, mai batir da waya da ilmin haɗa su shi ne ke da baki.

Abin da kamfanin yake yi

Martin Jue injiniya ne, ya yi karatu a Jami'ar Jihar Mississippi da kuma Georgia Tech. A 1972 ya kama hayar ɗaki a wani otal a Starkville, ya fara da ɗan ƙaramin mataci mai raba sautin bugun Morse da hayaniyar iska. Daga nan abu ya yi ta haɓaka har shekara 52. Manyan akwatunan magana tuni kamfanonin Japan, watau Icom da Yaesu da Kenwood, suka rinjayi kasuwarsu. MFJ bai ja da su a nan ba. Ya tsaya ga ƙananan kayan da akwati ba ya aiki sai da su: na'urar daidaita eriya da akwati, da ma'aunin lafiyar eriya, da makullan sauya waya, da sauran irinsu, a kan kuɗin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya.

Har wa yau ya sayi waɗansu tsofaffin kamfanoni ya raya sunayensu: Ameritron mai na'urorin ƙara ƙarfin watsawa, da Mirage, da Vectronics, da Hy-Gain da Cushcraft masu eriya. Saboda haka ran da aka tsai da injuna a Starkville, sunaye shida ne aikinsu ya tsaya tare. Wannan shi ne haɗarin tara ƙwai cikin kwando guda.

Me ya jawo haka?

Korona ita ce ta zo a ƙarshe, amma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Tun 2018 gwamnatin Amurka ta aza harajin kashi 25 cikin 100 a kan kayan lantarki da yawa masu fitowa daga Sin, har da ƙananan sassan da masu ƙira ke saye su haɗa. Daga 2020 kuma duniya ta shiga ƙarancin irin waɗannan sassa. In abu ya yi ƙaranci, mai sayen miliyan ake fara ba, mai sayen ɗari biyar ya jira. Ƙaramin kamfani kullum shi ne a ƙarshen layi.

Ga kuma gasa. Ma'aunin eriya samfurin MFJ-259 ya daɗe yana cikin kayan da kamfanin ya yi suna da su. Amma wajen 2019 wani ɗan ma'auni mai suna NanoVNA ya bazu daga Sin, kuɗinsa bai kai rubu'in na wancan ba. Mai saye ba ya tambayar tarihin kamfani, aljihunsa yake dubawa.

Dalili na uku shi ne mafi nauyi. Kamfanin ya tsaya ne bisa kafaɗar mutum guda, har sunansa ma haruffan sunan mai shi ne. Da ya tsufa, har ranar rufewa ba a sami wanda ya karɓi masana'antar a dunƙule ya ci gaba da ita ba. Ana iya sayen suna, ana iya sayen zanen na'ura da injin naɗa waya. Amma matar da ta yi shekara ashirin tana liƙa dalma, wadda da ido take gane haɗin da zai saki, in ta tafi gida ta tafi da ilminta. Irin wannan sani ba ya cikin takarda.

An taɓa ganin irinsa

Wannan ba shi ne farau ba. Kamfanin Heath na jihar Michigan ya fara sayar da kayan lantarki a warware tun 1947, da littafin da ke bi da mutum mataki mataki har ya haɗa da kansa. Dubban samari sun koyi aikin lantarki ta nan. Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Apple, ya faɗa cikin wata hira a 1995 cewa haɗa kayan Heathkit ne ya nuna masa na'ura ba tsafi ba ce, aikin hannun mutum ce. Duk da haka a 1992 kamfanin ya bar wannan ciniki, domin injin masana'anta ya zo yana haɗa kaya da araha fiye da kuɗin ƙunsa sassan a warware.

Gaskiya ne sana'ar ba ta mutu ba. Elecraft a California da FlexRadio a Texas sun ci gaba da ƙira bayan rufewar MFJ, kuma QRP Labs ya fito da ƙaramin akwatin QCX a warware a 2017 a kan wajen dala 50. Hukumar sadarwa ta Amurka ta soke jarrabawar Morse a 2007, ƙofa ta ƙara faɗi. Amma yawan masu lasin dabam, yawan masu iya buɗe akwati su gyara dabam. Na'urar zamani sassanta sun yi ƙanƙanta har sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu, in ta lalace sau da yawa jefarwa ake yi a sayi wata. Yaron da ya tashi yana saye yana jefarwa zai iya magana da ƙarshen duniya, amma ran da wuta ta ɗauke, waya ta tsinke, ba zai san inda zai sa hannu ba.

Saboda haka asarar da aka yi a Starkville ta wuce ta kaya. Kaya za su zo daga wani wuri, watakila ma da araha. Abin da ba ya zuwa cikin kwali shi ne gwani da ɗan koyo suna zaune kan benci guda. Mai sana'a da ya haura shekara 50 ya kamata ya tambayi kansa wane ne zai buɗe ƙofar shagon in shi ya kasa, ya fara koya masa tun yau. Makarantu kuma su bar yara su warware tsohuwar na'ura su mayar, ko da za su ɓata biyu kafin su gyara ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, magaji kuma tun maigida yana da ƙarfi ake yinsa.