Bindigar da ba a taɓa harbawa ba: Jari ko caca?

A Amurka akwai masu hannu da shuni da ke sayen bindiga ba don farauta ko tsaron gida ba, sai don su kulle ta a akwatin ƙarfe, da kwalinta da takardunta, suna jiran ranar da za ta yi tsada. Sharaɗin kasuwar shi ne kada a kuskura a harba ta. A ganina, mai karatu, wannan harka ta fi kusa da caca fiye da jari.

Mu fara da lafazin kansa, tunda nazarin harshe ne sana'ata. Galibin masana'antu sukan gwada bindiga da harsashi kafin ta bar hannunsu. Ke nan "ba a taɓa harbawa ba" yana nufin wanda ya saya ne bai harba ba, kuma sau da yawa babban shaida shi ne mai neman sayarwa.

Dubi abin da ya faru da bindigar da kamfanin Winchester ya fitar a 1966 don murnar cikarsa shekara 100. Ya ƙera fiye da 100,000, jama'a suka yi rububi, da yawa suka ɓoye nasu. Yau sababbi fil sun yi yawa a kasuwa, in kuwa aka cire hauhawar farashi, ribar ba ta taka kara ta karya ba.

Alal haƙiƙa an ci riba a wani ɓangaren, amma daga ina ta fito? Dokar 1986 ta hana farar hula mallakar bindiga mai sarrafa kanta da ba a yi wa rajista ba kafin 19 ga Mayu na shekarar. Adadin ya tsaya cak, farashin M16 mai rajista ya haura dubban daloli masu yawa, har da wadda aka sha harbawa. Alƙalamin majalisa ne ya kawo wannan riba, shi ne kuma zai iya shafe ta a zama ɗaya.

Bindigar Colt da aka yi gwanjonta a kan fiye da dala miliyan 6 a 2021 kuwa, darajarta ita ce da ita Pat Garrett ya harbe ɗan fashin nan Billy the Kid a 1881.

Mai ajiya dai ba ya karɓar rabon riba duk shekara kamar mai hannun jari. Zai biya inshora, ya yi ta fama da tsatsa, ranar sayarwa kuma gidan gwanjo ya yanki la'adarsa.