Buhu Da Lamba, Yaro Ba Suna

Tsofaffi sukan ce bauta ta wuce, kuma a takarda gaskiyarsu ne. A Nijeriya ta Arewa an kafa dokar ƙarshe ta kashe bauta tun shekarar 1936, an rufe kasuwannin bayi, ba mai iya ɗaure mutum ya kai shi gaban dillali a yi cinikinsa da rana tsaka. Amma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2021 akwai mutum miliyan 27.6 da ake sa su aikin tilas, cikinsu fiye da miliyan 3 yara ne. Ashe baƙin jinin sunan aka guje wa, ribar kuwa ba a saki ba.

A dubi sha'anin koko, watau ba wanda ake sha da ƙosai ba, 'ya'yan itacen nan da ake yin cakulan da su. Fiye da rabin kokon duniya daga ƙasashe biyu yake fitowa, Kwaddibuwa da Gana. Cinikinsa kamar na gyaɗa ne a dā. Manomi ya sayar wa mai sikeli a ƙauye, mai sikeli ya kai wa ɗan kamasho, ɗan kamasho ya kai wa babban kamfani, a loda a jirgin ruwa a Abijan, ko San Pedro, ko Tema, ko Takoradi, a sauke a ma'aikatun Turai da Amurka. Kowane hannu yana cin ribarsa, kuma kowane hannu yana cewa abin da ya faru kafin kayan su iso gare shi ba ruwansa.

To, abin da ke faruwa a hannun farko shi ne abin kunya. Masu bincike na Jami'ar Shikago sun ba da labari a shekarar 2020 cewa yara wajen miliyan 1.56 ne ke aikin da bai dace da shekarunsu ba a gonakin koko na ƙasashen nan biyu, kusan dukansu kuwa aiki mai hatsari, kamar sara da adda, da feshin magani mai dafi, da ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinsu. Adalci ne a faɗi cewa yawancinsu a gonakin iyayensu da danginsu suke, waɗannan ba bayi ba ne, talauci ne ya raba su da makaranta. Amma akwai waɗansu da aka yaudaro daga Mali da Burkina Faso. Dillali yakan shiga ƙauye ya yi wa yaro alkawarin kuɗi da keke, ya ƙetare iyaka da shi, ya miƙa shi ga mai gona ya karɓi la'adarsa. Daga nan yaro ba ya jin harshen garin, ba ya san hanyar gida, ba shi da kuɗin mota, a ce masa sai ya biya abin da aka kashe wajen kawo shi tukuna. Mutumin da ake ci da guminsa ba lada, kuma ba shi da ikon tafiya, bawa ne, ko da ba mari a ƙafarsa.

In an tuhumi manyan 'yan kasuwa, sai su ce gonakin suna da yawa, suna cikin kurmi, ba yadda za a san kowace. Wannan hanzari ba ya karɓuwa ga duk wanda ya taɓa tsayawa gindin sikeli. Ba buhun da ke shiga jirgi sai an auna nauyinsa, an duba bushewarsa, an tsaga 'ya'yan an ga ko sun yi fumfuna, an ba shi daraja, an buga masa lamba. Kamfanin da ke iya gane ɗanyen buhu ɗaya cikin dubu ya mayar da shi, ta yaya zai kasa sanin hannun da ya cika buhun? Ɗanyen koko hasara ne gare shi, don haka ya nemi hanyar gane shi. Gumin yaro kuwa rangwame ne, don haka ba a matsa wa bincike ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Alkawari kuwa an sha yinsa. A shekarar 2001 manyan masu yin cakulan suka sa hannu kan yarjejeniyar da ake kira da sunan 'yan majalisar Amurka biyu, Harkin da Engel, cewa kafin watan Yuli na 2005 za su tsara hanyar tabbatar da kokonsu ba mugun aikin yara a ciki. Lokaci ya yi, aka ɗaga zuwa 2008. Daga nan aka sake zama a 2010, aka ce kafin 2020 za a rage abin da kashi 70 cikin 100. Shekarar ta zo ba a cika ba. Jaririn da aka haifa ranar sa hannun farko ya isa aure alkawari bai cika ba. Da manomi ne ya karɓi kuɗin kamfani ya saɓa lokaci sau uku, da tuni an kai shi gaban alƙali.

Zuwa gaban alƙali ma an gwada. Mutum shida 'yan Mali suka kai ƙarar Nestlé da Cargill a Amurka, suka ce tun suna yara aka kai su Kwaddibuwa aka bautar da su a gonakin da ke sayar wa kamfanonin koko. An fara shari'ar a 2005, aka yi ta ja har 2021, sa'an nan Kotun Ƙoli ta yanke, alƙalai 8 a kan 1, cewa abin da ake ƙara a kai a wata ƙasa ya auku, dokar da suka dogara da ita ba ta kai can ba. Kotun ba ta ce sun yi ƙarya ba, ba ta kuwa ce sun yi gaskiya ba. Ribar koko tana ƙetare teku ba wahala, hakkin wanda ya sare shi kuwa ya tsaya a bakin gaɓa.

Dokar da Ingila ta kafa a 2015 ta ce duk kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya riƙa buga bayanin abin da ya yi don hana bauta a hanyar kayansa. Amma dokar ta yarda kamfani ya rubuta cewa bai yi kome ba, kuma da haka ya sauke nauyi. Ta Tarayyar Turai ta 2024 ta fi haƙora, don ta hana sayar da kayan aikin tilas ɗungum, an kuwa sa ta fara aiki a Disamba 2027. Kada wani ya ce ƙin saye ba ya yiwuwa. A shekarar 1909 Cadbury da waɗansu kamfanonin Ingila sun daina sayen kokon tsibirin Sawo Tome saboda 'yan Angola da ake bautarwa a can, ko da yake sun yi shekara takwas da jin labarin kafin su motsa.

Amma fa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Dillalin da ya yaudari yaro ɗan ƙasa ne. Direban da ya ɗauke shi, da ma'aikacin kan iyaka da ya karɓi na goro ya kau da kai, da mai gonar da ya kulle shi, duk ba daga Turai suka zo ba. Hukumomin Gana da Kwaddibuwa su ke yanka farashin da ake biyan manomi, saboda haka su ma akwai tambaya a kansu. A 2019 suka haɗa kai suka ɗora dala 400 a kan kowane tan don a ƙara wa manoma, hanya ce mai kyau, gama manomin da ya iya biyan baligi lada ba ya bukatar ɗan wani.

Maganin ba ɓoyayye ba ne. A rubuta kowace gona da masu aikinta kamar yadda ake rubuta buhuna, a biya manomi abin da zai riƙe gidansa, a gina makaranta kusa, a hukunta kamfanin da aka kama da tarar da za ta fi ribar da ya ci. Wanda kuma Allah ya ba shi karatu a ƙauye, akwai nasa rabon aikin. In baƙo ya zo neman yara da daɗin baki, ko zuwa gona, ko haƙar ma'adini, ko aikatau a birni, a tambaye shi sunan gari, da sunan mai aikin, da yawan lada, a rubuta a gaban mai unguwa. In ya ƙi, a sanar da dagaci da 'yan sanda, a Nijeriya kuma da hukumar NAPTIP wadda aka kafa a 2003 don hana fataucin mutane. Mai gaskiya ba ya gudun a rubuta sunansa.