An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

A Birtaniya akwai lamba guda da ke raba iyalan talakawa gida biyu: sa'o'i 16 na aiki a mako. Wanda ya kai ta, gwamnati ta buɗe masa ƙofar tallafi. Wanda ya gaza, a rage masa. Ina da yaƙinin cewa wannan tsari zalunci ne, domin yana hukunta ma'aikaci a kan abin da ba ya hannunsa.

Tun daga Satumbar 2017, iyaye masu aiki a Ingila suna samun renon yara kyauta na sa'o'i 30 a mako ga 'ya'yansu masu shekara uku da huɗu, tsawon makonni 38 a shekara. Sharaɗin shi ne kowane ɗaya daga cikin iyayen ya riƙa samun abin da ya kai ladan sa'o'i 16 a mafi ƙarancin albashi, kuma a sake tabbatar da hakan duk bayan wata uku. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin ladan sa'a ya zama fam 12.21 ga mai shekara 21 zuwa sama, wato sai an samu kimanin fam 195 a mako.

Mu ɗauki uwa mai aikin shara a asibiti ko jera kaya a kanti. Ciniki ya ja baya, mai kanti ya mayar da sa'o'inta 14. A albashi ta yi asarar abin da bai kai fam 25 ba a mako. Amma idan ragin ya ɗore, renon ɗanta zai faɗo daga sa'o'i 30 zuwa 15 ɗin da ake ba kowa, asarar sa'o'i 570 ke nan a shekara. Wa zai riƙe mata yaron ta je neman ƙarin aiki? Dokar da ta ce ta ƙara ƙwazo, ita ce ta ɗaure mata ƙafa.

Wannan ba sabon abu ba ne. A Afrilun 2012 gwamnatin David Cameron ta ɗaga sharaɗin tallafin ma'aikata masu ƙaramin albashi ga ma'aurata masu 'ya'ya, daga sa'o'i 16 zuwa 24. Aka ce su je su nemo ƙarin takwas, kamar dai sa'o'in aiki 'ya'yan itace ne da ake tsinkowa a bakin hanya. A 2013 kuma aka kafa iyaka ga jimillar tallafin da gida ɗaya zai karɓa, kuma a yau hanyar kuɓuta daga iyakar ga mai aiki ita ce samun ladan waɗannan sa'o'i 16.

Masu kare tsarin suna cewa dole a sa iyaka don kada dukiyar jama'a ta zama abincin malalata, kuma ana ba da ɗan wa'adi kafin a yanke tallafin. Na yarda kowace taska tana buƙatar ƙa'ida. Sai dai wa'adi jinkirta hukunci ne kawai. Kuma hujjar lalaci tana tsayawa ne idan ma'aikaci ke zaɓar sa'o'insa. A ƙasar da sama da mutum miliyan ɗaya ke aiki da kwantiragin da bai lamunce masu ko sa'a ɗaya ba, mai ba da aiki ne ke rubuta jadawalin mako. Shi ya rage sa'o'in, shi ya adana kuɗinsa, ita kuma da ɗanta suka biya. An bar jaki ana dukan taiki.

Gyaran ba ya buƙatar hikimar Luƙmanu. Na farko, tallafi ya riƙa raguwa sannu a hankali gwargwadon raguwar aiki, maimakon ya yanke a kan sa'a guda. Na biyu, idan mai ba da aiki ne ya rage sa'o'i, kada a taɓa haƙƙin iyalin, tunda takardar albashi za ta nuna hakan. Na uku, renon yaro ya zama haƙƙin yaron kansa. Ɗan shekara uku bai rubuta jadawalin kanti ba, bai kamata a kore shi daga aji saboda shi ba.