Hayar Gida a Ƙauye da Zaman Ma'aikata a Bakin Aikinsu

A da, baƙo ba ya biyan haya a ƙauye. Idan Hukumar En'e ta turo malamin makaranta ko malamin asibiti, wurin dagaci yake sauka, shi kuwa ya nema masa ɗaki a gidan wani mai hali, har a riƙa kai masa tuwon dare. Karɓar kuɗi a hannun baƙo abin kunya ne. Wannan al'ada ta soma rauni bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sa'ad da aka kafa guda 301, waɗanda yawansu ya kai 774 a 1996. Ƙananan garuruwa da dama suka wayi gari sun zama hedkwata, ma'aikata kuma suka yi wa karimcin mai gari yawa.

Kuɗin haya a karkara ba shi da tsada. Gidan da za a kama shi ne babu. Gidan ƙauye don iyali ɗaya aka gina shi: zaure ɗaya, rijiya ɗaya, kewaye ɗaya, ga matan aure a ciki, saboda haka baƙo namiji ba shi da hanyar shiga. 'Yan gidajen siminti da kwano kuwa galibi na 'yan garin ne da ke aiki a birni, kuma da baki ake cinikinsu, ba takarda ba shaida. Ranar da ɗan mai gida ya tashi aure, ranar ce ake ce wa mai haya ya kwashe kayansa. Ungozoma ko malama marar aure ta fi kowa shan wuya, domin zamanta ita kaɗai ma abin tsegumi ne.

Saboda haka ma'aikata da yawa suka bar iyalinsu a birni suna jeka-ka-dawo, kamar yadda aka gani tsakanin Kano da Dutse bayan kafa Jihar Jigawa a 1991. Arhar man fetur ce ta rufa wa wannan tsari asiri. Da aka janye tallafin mai a ran 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa sama da 500, a 2024 kuma ta haura 1,000. Jihohin Kwara da Edo har rage ranakun zuwa ofis suka yi a 2023.

Mai aikin ofis yana iya jinkirta takarda zuwa jibi, amma naƙuda ba ta jiran motar safe. Ƙaramar hukumar da ta gina asibiti ba ta haɗa da ɗakuna biyu da rijiya na ma'aikata ba, asibitin rana kawai ta gina, kuma kuɗin ɗakunan bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na ginin kansa.