Lent Ba Ya Buƙatar Hutun Gwamnati

Tun da gwamnatin Kauran Gwandu ta jihar Kebbi ta sallami ɗalibai don Ramadan a ƙarshen Fabrairun 2025 ta ce sai 7 ga Afrilu, maganar da ta fi ƙona mini rai daga bakin 'yan uwana Katolika ta fito, waɗanda ke fitowa daga Misa suna ƙunƙuni: to mu fa? Ai mu ma ranar 5 ga Maris muka shafa toka. Wai adalci shi ne in an rufe makarantu don Ramadan a rufe su don Lent, in an raba shinkafa da gero a can a turo mota ta sauke a ƙofar coci. Madalla da wannan lissafi. A haɗa hutun biyu, ɗan firamare a Diggi ba zai sake ganin allo ba sai bayan Ista, 20 ga Afrilu, daga nan damina ta ƙarato a miƙa masa fartanya.

Majalisar bishop-bishop ƙarƙashin Akbishop Lucius Ugorji da ƙungiyar Kiristoci ta CAN maganar karatun yara suka yi wa Kebbi da Bauchi da Kano da Katsina, kuma sun yi daidai. Masu ƙunƙunin ne suka ji abin da suke so su ji.

Me ma Ikkilisiya ta ɗora mana? Azumin dole kwana biyu ne a shekara: Larabar Toka da Juma'a Mai Kyau. A cikinsu ka ci sosai sau ɗaya, ka ɗan taɓa wani abu sau biyu, ruwa kuwa ka sha abinka. Nama a bar shi ranakun Juma'a. Ƙauracewa nama na hawa kan mutum daga shekara 14, azumi daga 18 har ya shiga ta 60. Paparoma Paul na Shida ne ya tsara wannan a 1966 da azumi daga shekara 21, dokar Ikkilisiya ta 1983 ta mayar da shi 18. Wane ɗan aji uku ne wannan zai hana riƙe fensir? Dokar ma ba ta san da shi ba.

Na san abin da ke cin mutane: kunya. Maƙwabci Musulmi ya ga kana kurɓar ruwa da tsakar rana, cikin zafin Maris, ya yi dariya ya ce, “Malam, wannan ma azumi ne?” Shi ba shi da laifi, tsokanar maƙwabtaka ce, ya auna da mudun gidansu. Laifin na wanda ya kasa amsawa ne, ya koma gida ya aro azumin wasu don ya wanke kansa. Da haka azumin “shida zuwa shida” ya shigo mana, kayan majami'un zamani masu allon talla da hoton fasto da matarsa. Yau azumin kwana 21, gobe na 40, wata babbar majami'a a Kudu ma ta kai nata kwana 100 a 2025, kamar ana gwanjo. Kuma azumin na me? Na biza, na miji, na ƙarin girma a ofis, na Allah Ya kashe maƙiyi kafin ƙarshen wata. Ka rufe baki, ka ƙirga awoyi, ka kai wa Ubangiji takardar bashi. Yanzu har cikin ƙungiyoyin addu'a na cocinmu ana jin wannan harshe, kuma ba kowane Fada ke da ƙarfin halin tsawatarwa ba, don masu yin sa su ne masu cika kwandon baiko.

Dubi abin da yake haifarwa. Ga mace 'yar Zumuntar Mata, leɓe ya tsage don ƙishi, kowa a unguwa ya san ba ta haɗiyi ko miyau ba tun asuba, amma shekara biyu ke nan ba ta gaida facalarta saboda rigimar tukunya. Ga magidanci ya bar nama ranar Juma'a da dukan tsoron Allah, ya aika a sayo masa giwan ruwa 'yar Yawuri wadda ta fi ƙafar rago tsada. Layin furta zunubi kuwa, ranar Asabar, tsofaffi huɗu ne da katekis.

Karatun da ake mana ranar Toka, Matiyu sura 6, abu uku ya haɗa: sadaka, addu'a, azumi, kuma gargaɗinsa kan ukun ɗaya ne, kada a yi don idon mutane. Mai azumi ya wanke fuska ya fita harkarsa yadda ya saba. Yaya za a yi mutumin da aka ce ya ɓoye azuminsa ya je yana neman kwamishina ya sanar da shi a rediyo? Ranar Juma'ar da ke biye a karanta Ishaya sura 58, inda Allah Ya ƙi azumin masu danne ma'aikatansu, Ya nemi a ciyar da mayunwaci a saukar da marar masauki. Kuɗin naman da ba ka ci ba yana da masu shi, kuma ba su da nisa: mutanen Danko-Wasagu da Sakaba da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Tokar ma da ake ɗaukar hoto da ita a liƙa a Facebook, ganyen dabinon bara ne aka ƙona don a tuna maka kabari.

Za a ce in ba mu nemi namu kaso ba za a manta muna jihar. Wannan maganar zaɓe ce, a kai ta rumfar zaɓe.

In neman haƙƙi ake so, ga shi nan birjik. Gwamnan nan tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, kuma a ƙasar Abdullahin Gwandu muke, malamin da ya ƙare rayuwarsa tsakanin tawada da ɗalibai. A tambaye shi yadda mako biyar na zaman gida zai taimaki jihar da yaranta suka cika tasha da kasuwa. A Katsina har Hisba ta umarci makarantu masu zaman kansu su rufe, wato makarantar da ka gina da kuɗinka ma ba kai ke da mabuɗinta ba. Mu kam ba yau muka fara ganin haka ba. A farkon shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, aka kankare sunayensu: St John's ta Kaduna ta koma Rimi College, Queen of Apostles ta koma Queen Amina. Legas ta mayar da nata ga masu su a 2001, Anambra ta bi sahu a 2011. Waɗancan biyun na Kaduna har yau suna hannun gwamnati, kuma ban taɓa jin mai kukan hutun Lent ko ɗaya ya ambace su ba.