Digirin MBA: Wa Ya Kamata Ya Biya Kuɗinsa?

Ƙannenmu na sakandare, musamman 'yan ajin kasuwanci, kun sha ganin haruffan MBA a bayan sunayen manajojin banki da shugabannin kamfanoni. Digiri ne na biyu a harkar tafiyar da kasuwanci, wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bayarwa a 1908. Mu ma a nan jami'a muna yawan musu a kansa: shin yana mayar da kuɗin da aka kashe masa?

Mu fara da lissafi. A Harvard, kuɗin makaranta kaɗai ya haura dala 70,000 a shekara, ban da ci da masauki, kuma shekara biyu ake yi. Idan aka ɗauki dala a naira 1,500, naira miliyan 105 ke nan a shekara ɗaya. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a wata sai ya yi shekara 125 yana aiki bai taɓa ko sisi ba kafin ya tara wannan. Ga kuma asarar da ba a rubuta ta a takardar biyan kuɗi: albashin shekara biyun da mutum ya ajiye aiki ya koma aji.

A gida abin bai kai haka ba. Akwai Makarantar Kasuwanci ta Legas, akwai ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana koyar da shi har ta intanet, don kada mutum ya bar aikinsa. Amma ko a nan ɗin, ba kowa yake amfana ba.

A ganinmu, MBA na wanda ya riga ya shiga ruwa ne. Wanda ya yi shekara huɗu ko biyar yana aiki, ya taɓa ganin kaya sun ƙi fita, ya taɓa bin bashi an hana shi, shi ne darasin zai shiga kansa, domin galibin karatun tattaunawa ce a kan matsalolin da kamfanoni suka taɓa shiga. Sannan mafi tsadar abin da ake saya a can shi ne abokan aji, waɗanda gobe za su buɗe maka ƙofa. Wanda kuwa ya gama bautar ƙasa bai samu aiki ba, ya matsa wa mahaifinsa a sayar da gona don ya ƙaro takarda, yana iya fitowa da digiri biyu ya koma layin da ya baro. In wurin aikinka ne zai biya, ko ka samu tallafin karatu, to lissafin ya canza.

Za ku ce ai Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, bai shiga irin wannan aji ba, kuma yaran shago a Kantin Kwari suna zama iyayen gida ba tare da shi ba. Gaskiya ne. Sai dai su ma sun biya, da shekarun da suka yi suna yi wa wani hidima.

Abin da ya shafe ku yanzu biyu ne. Ba dole sai kun karanta kasuwanci a digirin farko ba. Injiniyoyi da likitoci ma suna yin MBA, don haka ɗan ajin kimiyya kada ya sauya sheƙa saboda shi. Kuma jami'o'inmu, har a matakin digiri na biyu, sai sun nemi sakamakonku na WAEC ko NECO, da kiredit biyar ciki har da Turanci da lissafi.