A Saurari Malami Kafin A Taɓa Albashinsa

Ya 'yan'uwa malamai na Magama da sauran sassan Jibiya, da iyalanmu da ke jiran ƙarshen wata tare da mu, akwai wata al'ada da ta daɗe tana zubar da mutuncin wannan sana'a: a hukunta malami tukuna, sannan daga baya a tambaye shi abin da ya faru. Wata ya ƙare, abokan aiki su ga shigar albashi a wayoyinsu, shi kuwa ya ji shiru. Sai ya yi ta safa da marwa tsakanin ofisoshi kafin wani akawu ya gaya masa da baki cewa sunansa na cikin waɗanda ba a samu a bakin aiki ba. Ba a ba shi takardar tuhuma ba, ba a kira shi gaban kowane kwamiti ba, amma tukunyar gidansa ta riga ta sauka daga murhu.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki. A watan Maris na 2022 mutanen Shimfiɗa suka kwararo cikin garin Jibiya da 'ya'yansu, suka bar gidaje da gonaki. To, malamin da aka tura ƙauyen da ya watse, wa zai koyar? Wanda ya kwana a daji don tsira da ransa, a lokacin da ko waya ba ta shiga, ta wace hanya zai nemi izini? Rajistar halarta ba ta da gurbin rubuta waɗannan dalilai. Bakin malamin ne kaɗai zai faɗe su, in an ba shi dama.

Malaman makarantun kuɗi ma ba su tsira ba. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022; aka sake rufewa a Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, har zuwa Maris na 2024. Duk lokacin da motoci suka daina wucewa zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, kasuwar Magama takan kwanta, iyaye su kasa biyan kuɗin makaranta. Mai makarantar da ke son rage ma'aikata ba tare da biyan haƙƙinsu ba, hanya mafi arha a gare shi ita ce ya ƙago laifi. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma in malami ya ce bai yarda ba, wurinsa dai zai koma ɗaukaka ƙara.

Za a ce mana akwai malaman da ba sa zuwa aiki da gangan, akwai kuma sunayen bogi a takardar albashi. Gaskiya ne, kuma wannan ƙungiya ba ta kafu tun 1931 don ta zama mafakar malalata ba. Wanda ya bar aji ya tafi kasuwancinsa, a hukunta shi. Sai dai ta yaya za a bambanta shi da wanda harbi ya kora, in ba a saurari kowa ba? Sauraro shi ne rariyar da ke raba tsaki da gari. Hukumar da ta ƙi amfani da ita, mai gaskiya take fara cutarwa, domin maƙaryaci yakan san wanda zai gani a ofis.

Abin da muke nema doka ta riga ta ba mu. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar wa kowane ɗan ƙasa haƙƙin a saurare shi da adalci. A shekarar 1986, a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, Kotun Ƙoli ta soke korar ɗaliban da aka zarga da tarzoma, kuma daga cikin dalilanta akwai cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda ɓarnar ta shafa, shi ya shugabanci kwamitin binciken. Wanda aka yi wa laifi ba ya zama alƙalin laifin. Dokokin aikin gwamnatin tarayya kuwa sun tanadi cewa takardar tuhuma ta fayyace laifi da ƙa'idar da aka karya, a nuna wa ma'aikaci takardun da za a kafa hujja da su in laifin na kora ne, kuma wanda aka janye daga aiki don bincike ya ci gaba da karɓar aƙalla rabin albashinsa. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hana sallamar ma'aikaci kan halinsa ko aikinsa kafin ya kare kansa. Maƙwabtanmu na Nijar sun amince da ita tun 1985. Nijeriya ba ta sa hannu ba, amma sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba kyakkyawar al'adar aiki ta duniya, kuma kotun ta sha jingina da wannan yarjejeniya.

Kada wani ya ce abin ba zai kai kansa ba. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da sallamar malaman firamare 21,780 bayan jarrabawa guda. A watan Yuni na 2022 aka ƙara sallamar 2,357, har da shugaban ƙungiyarmu na ƙasa, Audu Amba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka muna kira ga duk mai ɗaukar malami aiki a wannan yanki, hukuma ce ko mai makaranta, da ya rubuta matakan ladabtarwa ya liƙa su a ofishin hedimasta. Tuhuma ta zo a rubuce, da kwanakin amsawa da suka dace da mutumin da ke ƙauye mai nisa. A bar wakilin ƙungiya ya zauna kusa da malami a gaban kwamiti. Wanda ya kawo ƙara kada ya zauna cikin masu hukunci, kuma masu sauraron ɗaukaka ƙara su zama wasu mutane dabam. Albashi kuwa kada a taɓa shi sai an kammala, domin hukuncin yunwa kan yara yake sauka.

Mu ma akwai namu nauyin. Duk wanda aka miƙa wa takardar tuhuma ya karɓa, ya rubuta ranar da ta iso hannunsa, ya amsa a rubuce cikin wa'adi, ya ajiye kwafi mai hatimin karɓa. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, kada kuma a ruɗe shi ya rubuta ta ajiye aiki don wai a rufa masa asiri, domin da ita za a rufe masa ƙofar kotu. In ƙauyensa ya watse, ya kai rahoto a rubuce ga ofishin ilimi, ya nemi shaidar mai gari. Ya sanar da reshe tun ranar farko, saboda lauyoyin gwamnati sukan fake da wa'adin wata uku na shigar da ƙara kan jami'anta.

Ku zo taron reshe na gaba da takardunku na ɗaukar aiki da duk wata tuhuma da ke kanku, tsohuwa ko sabuwa. Za mu tattara su, mu bi su ɗaya bayan ɗaya har ofishin da suka fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.